Ciwon ƙirjin da hoto ba ya gani: ƙananan jijiyoyin zuciyar mata da maganin da ake gwadawa

Duk wanda ya taɓa zama a bakin shagon magani a Illela ranar Lahadi, lokacin da kasuwa ta cika ta batse da fatake daga Ƙonni da Tawa da Sakkwato, ya san irin wannan ciniki. Mace mai shekara 50 ko kusa da haka za ta tsaya, ta dafe ƙirji, ta ce a ba ta maganin olsa. Idan mai shago ya ɗan ja ta da hira, sai ta ce abin ya fi taso mata idan ta ɗauki kaya ko ta yi tafiya mai nisa, wani lokaci kuma da tsakar dare, ko bayan ɓacin rai. Numfashinta yakan yi sama, gajiya ba ta sakin ta. Ta je asibiti, an auna ta, an ce ba a ga komai ba. A gida kuma an fara cewa tunani ne ya yi mata yawa, wasu ma su ce raki ne.

Da yawa daga cikin irin waɗannan mata gyambon cikin ne da gaske ke damunsu, wasu ƙarancin jini, wasu kuma damuwa. Amma akwai wani kaso a cikinsu da ciwon nasu na zuciya ne, irin wanda gwaje-gwajen da aka saba yi ba sa kamawa. Masana na kiran sa lalacewar ƙananan jijiyoyin jinin zuciya, kuma ya fi yawa a tsakanin mata, musamman waɗanda suka kusa daina al'ada ko suka daina. A 'yan shekarun nan an gwada wata sabuwar hanyar magance shi a Amurka ta amfani da ƙwayoyin halittar da ake cirowa daga jinin majinyaciyar kanta. Labarin wannan gwaji ya cancanci a ba da shi dalla-dalla, domin akwai abin sa rai a cikinsa, akwai kuma ramin da mai kuɗi da marar kuɗi duk za su iya faɗawa.

Babbar hanyar ruwa da fangali

Zuciya tana tura jini zuwa ko'ina a jiki, amma ita ma tsoka ce, tana bukatar nata rabon. Manyan jijiyoyi uku ne ke kwance a bayanta suna kai mata jini. Daga cikinsu rassa ke fita, rassan su sake rabuwa, har a kai ga wasu 'yan siraran da faɗinsu bai kai rabin milimita ba, waɗanda suka ratsa cikin naman zuciyar.

Manomin rani na gefen tafkin Kalmalo, ko mai albasa a Galmi, ba ya bukatar dogon bayani a nan. Babbar hanyar ruwa tana iya kasancewa a buɗe, ruwa na gudu a cikinta, amma idan 'yan ƙananan hanyoyin da ke shiga fangali sun cushe ko sun rufta, shuka za ta yi yaushi duk da ruwan da ke wucewa ta gefenta. Wanda ya tsaya a bakin babbar hanyar ya duba zai rantse cewa gonar ba ta da matsalar ruwa.

Haka abin yake a zuciya. Ciwon zuciyar da aka fi sani, wanda ya fi kama maza tun da sauran ƙarfinsu, toshewar babbar jijiya ce da kitse. Likita zai zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuwa zuciya, ya tura wani ruwa mai fitowa a hoto, ya ga inda aka toshe, ya buɗe shi. Wannan hoto, da ake kira anjiyogiram, manyan jijiyoyin kaɗai yake nunawa. Ƙananan sun fi ƙarfin idonsa. Su kuwa su ne ke da alhakin ƙara wa zuciya jini a lokacin da take bukata: idan mutum ya hau bene ko ya ɗauki buhu, sai su buɗe, jinin da ke ratsa su ya ninka sau uku ko huɗu, wani lokaci fiye. Wannan ƙarin shi likitoci ke aunawa, ana iya kiran sa rarar gudun jini. Idan rarar ta kasa kai wa ninki biyu zuwa biyu da rabi, to ƙananan jijiyoyin ba sa aikinsu. Zuciya ta nemi jini ba ta samu ba, sai ta yi kuka, kukan nata shi ne nauyin da ake ji a ƙirji.

Abubuwan da ke lalata su ba baƙi ba ne a gidajenmu: hawan jini, ciwon suga, yawan kitse a jini, ƙiba, shan taba. Ga mata akwai ƙari. Raguwar sinadarin mata bayan ɗaukewar al'ada na taɓa lafiyar fatar da ke shimfiɗe a cikin jijiyoyi. Macen da ta taɓa yin hawan jinin masu ciki, irin wanda idan ya tsananta yake kai wa ga jijjiga, haɗarin ciwon zuciya yana bin ta shekaru bayan an yi suna an watse. Wannan batu na ƙarshe ya shafi Arewa ƙwarai, inda jijjiga ke cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa, kuma waɗanda suka tsira ba kasafai ake sake auna jininsu ba.

Yadda aka daɗe ana cewa lafiyarsu ƙalau

Kada a ɗauka a ƙasashenmu kaɗai ake sallamar irin waɗannan mata. A 1973 wani likitan Amurka, Harvey Kemp, ya raɗa wa ciwon suna da harafin X, wato abin da aka kasa gane kansa. An shafe shekaru ana ganin ba shi da haɗari, ana tura masu shi wajen likitan ciki ko na ƙwaƙwalwa. A 1991 Dokta Bernadine Healy, mace ta farko da ta shugabanci Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka, ta yi wani rubutu da ya yi tashe, inda ta nuna cewa ba a ɗaukar ciwon zuciyar mace da muhimmanci sai ya zo da kamannin na namiji.

Shekara biyar bayan haka, a 1996, aka fara wani babban bincike a kan mata zalla mai suna WISE, ƙarƙashin jagorancin Dokta Noel Bairey Merz ta asibitin Cedars-Sinai da ke Los Angeles. Abin da ya fito ya sauya tunani. Fiye da rabin matan da aka yi wa hoton jijiyoyi saboda ciwon ƙirji ba a sami toshewa a manyan jijiyoyinsu ba. Da aka auna rarar gudun jini a wasu daga cikinsu, kusan rabi aka samu da matsalar ƙananan jijiyoyi. Da aka ci gaba da bibiyarsu, sai aka ga masu ƙarancin rarar sun fi sauran fuskantar bugun zuciya da gazawarta da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa. Ashe kalmar nan ta "ba a ga komai ba" ba ta nufin babu komai.

A birnin Glasgow na Birtaniya, wani gwaji da aka wallafa a 2018 a kan mutum 151 ya nuna cewa idan aka auna ƙananan jijiyoyin tun a ɗakin hoton, aka zaɓi magani gwargwadon abin da aka gani, ciwon ƙirjin yana raguwa, rayuwa ta yi sauƙi. A 2024 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai ta sa wannan awo cikin abin da take ba da shawarar a yi wa mai ciwon ƙirjin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa alhali hoto bai nuna toshewa ba.

Magungunan da ake bayarwa a yau na aro ne daga maganin hawan jini da na toshewar manyan jijiyoyi. Suna taimaka wa wasu, wasu kuma ciwon na nan daram. Wani gwaji mai suna WARRIOR, wanda ya ƙunshi mata kusan 2,500 a Amurka kuma aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2025, bai nuna cewa tsananta ba da waɗannan magunguna ya fi kulawar da aka saba rage munanan aukuwa ba. Wannan giɓi ne ya sa ake neman abin da zai gyara jijiyoyin da kansu.

Maganin da ake ɗebowa daga jinin mai ciwo

Asalin tunanin ya koma 1997, lokacin da Takayuki Asahara, ɗan ƙasar Japan, da Jeffrey Isner suka wallafa wani bincike daga birnin Boston. Sun nuna cewa a cikin jinin babban mutum akwai wasu ƙwayoyin halitta da ɓargo ke samarwa, masu ɗauke da wata alama da ake kira CD34, waɗanda ke taimakawa wajen gyaran jijiyoyin jini da tsirowar sababbi. Kamar 'yan kwadagon gyaran hanya ne da jiki ke ajiye da su. Matsalar ita ce ba su da yawa a cikin jini, kuma tsufa da ciwon suga na rage yawansu da ƙarfinsu.

Hanyar da aka bi ita ce a tara su, a kai su inda ake bukata. Ana yi wa majinyaciya allurar wani magani mai suna G-CSF na tsawon kwana biyar, wanda ke sa ɓargo ya saki ƙwayoyin zuwa cikin jini. Sai a haɗa ta da wata na'ura da ke jan jini ta hannu, ta tace abin da ake so, ta mayar da sauran. A ɗakin bincike ake ware masu alamar CD34, daga nan a zuba su sau ɗaya ta bututu cikin babbar jijiyar da ke gaban zuciya. Tunda daga jikinta aka ɗebo su, babu fargabar jiki ya ƙi karɓa. Ana ganin yawancin amfaninsu yana zuwa ne daga sinadaran da suke fitarwa, masu zaburar da jijiyoyin da ke wurin su gyaru.

An gwada wannan a kan mutum 20, kusan dukansu mata, a asibitin Cedars-Sinai da asibitin Mayo, da tallafin wani kamfani mai suna Caladrius. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa bayan wata shida matsakaicin rarar gudun jininsu ya tashi daga 2.08 zuwa 2.68, ciwon ƙirji ya ragu, kuma sun ce sun fi jin daɗin rayuwa. Ga matan da suka shekara suna yawon asibiti, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Sai dai a nan ne ya kamata mai karatu ya ja birki. Mutum 20 ba su kai cikin motar haya biyu ba. Abu mafi muhimmanci kuma, dukansu an ba su maganin, kuma sun san an ba su. Babu wani rukuni da aka yi wa allurar da ba komai a cikinta domin a kwatanta. Ciwon ƙirji kuwa yana cikin cututtukan da sa rai kaɗai ke iya rage wa zafi na ɗan lokaci, musamman idan an sha wahalar allurai da na'urori. Saboda haka aka shirya gwaji na biyu mai suna FREEDOM, wanda aka tsara zai ɗauki mutum 105, a raba su ta hanyar ƙuri'a, ba likita ba majinyaciya da zai san wa aka ba wa me. A 2022 kamfanin ya dakatar da ɗaukar mutane tun ba a kai adadin ba, yana mai kafa hujja da cikas ɗin da annobar korona ta jawo da ƙarancin kayan aiki. A shekarar ce kuma ya haɗe da wani kamfani, ya koma Lisata, ya mai da hankalinsa kan maganin ciwon daji. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da wannan magani ba.

Wannan ba shi ne karon farko ba. Wani babban gwaji na ƙwayoyin CD34 a kan masu matsanancin ciwon ƙirji na manyan jijiyoyi, mai suna RENEW, shi ma kamfanin da ya ɗauki nauyinsa ya tsayar da shi kafin ya kammala. Fagen gaba ɗaya yana da tabo: a 2018 Jami'ar Harvard ta nemi a janye takardun bincike 31 na ɗakin binciken Piero Anversa, wanda ya yi suna a kan gyaran zuciya da ƙwayoyin halitta, bayan an gano an yi coge a bayanai. Wannan badaƙala ba ta shafi binciken CD34 ba, amma ta koya wa likitocin zuciya kada su yi saurin tafi.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Allurar G-CSF tana da haɗari ga masu cutar sikila, domin tana iya tayar musu da ciwo mai tsanani har ya kai ga rasa rai. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya. Duk ranar da irin wannan magani zai iso nan, tambayar rukunin jini za ta riga komai.

Daga Los Angeles zuwa hanyar Gwadabawa

Matar da muka bari a bakin shago tana da tazarar sama da kilomita 80 tsakaninta da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ta Gwadabawa da Kware. A can za a iya yi mata gwajin ECG da hoton zuciya na eko, ta ga likitan zuciya. Ɗakunan hoton jijiyoyi kuwa kaɗan ne a Najeriya, galibinsu a Legas da Abuja, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, balle a yi maganar awon ƙananan jijiyoyi da ke bukatar waya ta musamman. Mutanen kan iyaka sun saba neman magani ta kowane ɓangare, na Ƙonni su sauko Sakkwato, na Illela su haura asibitin Galmi. Rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ya nuna yadda siyasa ke iya shiga tsakanin majinyaci da likitansa.

Duk da haka, yankin nan ba baƙo ba ne a binciken zuciyar mata. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka sanar da duniya yawan gazawar zuciya da ke kama matan Hausawa bayan haihuwa, suka danganta ta da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. A Sakkwato, binciken da Farfesa Simeon Isezuo da abokin aikinsa suka wallafa a 2007 ya sami wannan ciwo a kusan haihuwa ɗaya cikin 100, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Daga baya babban binciken da Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta ya nuna cewa rama da rashin aikin yi da rashin ilimin boko da hawan jinin masu ciki sun fi al'adun jego alaƙa da ciwon. Wancan ciwo daban ne, tsokar zuciyar ce ke raunana a cikinsa. Amma ya nuna abu guda: sai da aka tsaya aka ƙirga matan kafin a san girman abin, sai da aka sake ƙirgawa kafin a gyara fahimtar farko. Kundin masu bugun zuciya na Najeriya, wanda Farfesa Isezuo ya jagoranta aka wallafa a 2022, ya tattara mutum sama da 1,000, kusan kashi biyu cikin uku maza. Waɗannan su ne suka isa asibiti aka gane ciwonsu. A ganina, ƙirga matan da ke komawa gida da maganin olsa aiki ne da jami'o'inmu za su iya farawa da abin da ke hannunsu, tun kafin a yi zancen ƙwayoyin halitta.

Abin da ya riga binciken isowa kasuwa shi ne sunan. 'Yan kasuwa da ma'aikata sun san garin nan da ake sayarwa a ƙananan ledoji da sunan "sitem sel", ana tallarsa a WhatsApp da ofisoshi, ana cewa yana maganin suga da hawan jini da zuciya da rashin haihuwa gaba ɗaya. Yawancinsa daga tsirrai ake yin sa, irin su tuffa da inabi. Ƙwayar halittar tsiro ba ta zama jijiyar mutum, kuma duk abin da aka haɗiya ciki ne zai narkar da shi. Ba shi da wata dangantaka da abin da aka gwada a Amurka. Haɗarinsa na gaskiya shi ne mai hawan jini ta ajiye ƙwayarta ta koma kansa. Masu hali kuma akwai asibitocin ƙetare da ke tallar allurar ƙwayoyin halitta a kan maƙudan daloli ba tare da hujja ba. A 2017 wata babbar mujallar likitoci ta ba da labarin mata uku da idanunsu suka lalace bayan an yi musu irin wannan allura a wani wuri a jihar Florida. Dashen ɓargo da aka fara yi wa masu sikila a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011 magani ne tabbatacce, kuma shi ma wani abu ne daban.

Abin da ke hannu yanzu

Macen da ƙirjinta ke nauyi ko numfashinta ke yankewa idan ta motsa, ya sauka idan ta huta, ta gaya wa likita wannan da bakinta, kada ta tsaya a kan "olsa ce ta tashi". Ta faɗi ko ta taɓa hawan jini ko kumburi ko jijjiga a lokacin ciki, ko da shekara 20 ne da suka wuce, da ko iyayenta sun yi ciwon zuciya. A auna mata jini da suga da kitsen jini da yawan jinin kansa, domin ƙarancin jini na kawo irin waɗannan alamu kuma maganinsa mai sauƙi ne. Idan an sha maganin gyambon ciki na makonni ba sauyi, ya dace a nemi takardar zuwa wajen likitan zuciya. Ma'aikatan da ke cikin tsarin inshorar lafiya, na tarayya ko na jiha, su tuna matansu na cikin waɗanda tsarin ya ƙunsa.

Riƙe hawan jini da suga yadda ya kamata, rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa, tafiyar ƙafa kullum gwargwadon hali, da nisantar hayaƙin taba, su ne abubuwan da aka tabbatar suna kare jijiyoyi manya da ƙanana. Maigida ko ɗan da ke biyan kuɗin magani ya sani cewa ƙwayar hawan jini ba a daina ta don an ji sauƙi.

Idan kuwa nauyin ƙirjin ya zo da ƙarfi ya wuce minti 15 bai sauka ba, ko ya haɗu da zufa mai sanyi, ko amai, ko zafi da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, ko jiri, a nufi asibiti mafi kusa nan take, ko da tsakar dare ne, a nemi a yi gwajin ECG. A tafi da duk ƙwayoyin da take sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya, likita ya gani.